Tsibiri Muke Cewa: Gardamar Kalmomi a Wikipedia ta Hausa

Garin nan da ke kudu da Maraɗi, wanda zogalarsa ke cika mana kasuwa, suna ɗaya gare shi a bakin mutanensa: Jiratawa. A rubuce kuwa sai in nuna muku shi kala huɗu: Djiratawa, Djirataoua, Jirataoua, Jiratawa. Muddin a allon bakin hanya ne ko a takardar haihuwa, ba mai damuwa, ɗan kabu-kabun da zai kai ka ya san inda za shi. Rigima tana tashi ne ranar da mutum biyu, ɗaya a Maraɗi ɗaya a Kano, kowa da wayarsa a hannu, za su rubuta bayanin garin a shafi guda, shafin kuma suna ɗaya tak ake iya sa masa a sama. Dole a zaɓa. Wanda aka bar nasa kuma dole ya ji a ransa.

Irin wannan zaɓen shi ya fi cinye mini dare a shekara biyun da na yi ina rubutu a Wikipedia ta Hausa. Ga ƴan'uwa ɗalibai da ba su taɓa leƙa cikinta ba, bari in ɗan faɗi yadda take. Kundin sani ne da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe a intanet a watan Janairu na 2001, yau kuma ana samun sa cikin harsuna fiye da 300, har da namu. Masu rubutun ƴan sa-kai ne, ba a biyan su ko dala. Kowa na iya buɗe muƙala ya gyara, wani ya biyo bayansa ya gyara gyaran. Duk abin da aka taɓa yana nan ajiye a tarihin shafi, da rana da lokaci da sunan da mai gyaran ya laƙaba wa kansa. A bayan kowace muƙala kuma akwai shafin tattaunawa, inda ake zuwa a baje hujja idan an saɓa.

Ni ɗan unguwar Zariya ne, ta nan Maraɗi. Sai na riƙa ƙara wannan bayanin, don duk editan da na ce wa daga Zariya nake, sai ya tambaye ni ko a Samaru nake karatu. Kimiyyar harshe nake karantawa a Yamai, yawancin gyare-gyarena kuma da hutu nake yin su, a gida, da forfen dare, in kuran bai yi halinsa ba. Mafi yawan waɗanda nake aiki da su ƴan Najeriya ne: Kano, Katsina, Kaduna, Zariya ta Zazzau, Sakkwato. Kafin in ce komi a kan saɓaninmu, haƙƙinsu ne in faɗi cewa su suka ɗauki ginin nan a ka. Da kuɗin datarsu da barcinsu suka rubuta dubban muƙalu lokacin da mu ba mu ma san akwai wurin ba. Gardamar da zan ba da labari ta cikin gida ce, tsakanin harshe da haƙori ma ai ana saɓawa.

Sunan gari

Ta farko a kan Tsibiri muka yi ta. Na tarar da sunan a rubuce Tibiri cikin wata muƙala da ta shafi jaharmu, na mayar masa da s ɗinsa. Kafin gari ya waye an cire. Na je shafin tattaunawa na iske saƙo cikin ladabi daga wani edita, wanda daga baya na gane malamin makaranta ne a wajejen Kano. Hujja biyu ya kawo. Ta farko, ƙa'idar kundin ita ce a dogara da abin da ke rubuce, shi kuma duk inda ya duba, taswira da takardun ƙidaya da rahotannin ƙungiyoyi, Tibiri ya gani. Ta biyu, mai nema a waya abin da ya gani a taswira shi zai buga, in bai samu ba an yi asarar mai karatu.

Ba hujjojin banza ba ne. Sai dai takardun nan duka da Faransanci aka rubuta su, ko daga Faransanci aka kwafo su. Faransanci ba shi da sautin ts ɗinmu, wanda littattafan nahawun Hausa ke kira tunkuɗau, don haka Bature ya rubuta abin da kunnensa ya kama. Harafin j a wurinsa wani sauti ne dabam, sai ya sa masa d a gaba ya samo namu, shi ya haifi Djiratawa. Inda muke da u ko w shi ou gare shi, shi ya sa Tasawa ta koma Tessaoua, Tawa ta koma Tahoua, Madarumfa ta koma Madarounfa. Ɗ ɗin Maraɗi kuwa ko wurin ajiye ta ba shi da shi. Rubutun nan yana yi wa mai karanta Faransanci aiki sosai. Amma ka miƙa wa ɗan Funtuwa kalmar Guidan Roumdji ka ce ya karanta da ƙa'idar Hausa, ka ji abin da zai fito.

Abin da na tambayi malamin shi ne: in yana rubuta Hausa, Sokoto yake sawa ko Sakkwato? Zaria ko Zariya? Ya ce ai wannan a fili take. Na ce to, ranka ya daɗe, abin da Ingilishi ya yi wa Sakkwato shi Faransanci ya yi wa Tsibiri, bambancin kawai shi ne kai ka san yadda ake faɗin waccan, wannan kuma a takarda ka san ta. Maganar mai nema ma manhajar ta riga ta kashe ta, don ana iya yin shafin turawa: ka buga Tibiri, ya kai ka Tsibiri. Ga kuma wata Tibiri a jahar Doso, wadda in aka bi rubutun Faransanci sai an yi ta bayani kafin a raba su, alhali mutane da kansu sun daɗe da cewa Tsibirin Gobir.

Bai ce na yi gaskiya ba, bai kuma ce ƙarya nake ba. Cewa ya yi: “Malam, kawo littafi guda da ya rubuta shi da ts.” Wannan ba ta yi wuya ba, don littattafan tarihin daular Sakkwato da aka rubuta a can wajensu ma Tsibiri suke sawa, kamar yadda sassan Hausa na gidajen rediyon waje ke rubuta Yamai da Damagaram. Amma ku lura da inda nauyin ya faɗa. Garin da nake iya zuwa in dawo tsakanin azahar da la'asar, sai da na nemo shaidar wanda ya rubuta shi daga nesa kafin a karɓi sunansa daga bakina. Ga Jiratawa da sauran ƙananan garuruwa kuwa, da babu mai tarihin da ya waiwaye su, har yau wasu shafuka na ɗauke da wannan rubutu, wasu da wancan.

Harafin da ke da ƙugiya

Wanda ya lura zai ga ƴ nake rubutawa a nan, kamar yadda ƙa'idar ƙasarmu ta ce. A Najeriya 'y suke sawa. Wannan ɗan bambancin ya isa a kwana ana ja. Wani yana bin muƙala layi-layi yana mayar da ƴan zuwa 'yan, yana ganin kuskure yake gyarawa, wani kuma na bin sawunsa yana mayarwa.

Kowanne yana da tarihinsa. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, da ɗigo a ƙarƙashin haruffa. A shekarun 1930, zamanin Rupert East a hukumar talifi ta Zariya, aka koma ga ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, da littattafan su Abubakar Imam, su suka baza wannan rubutu, a kan karin Kananci aka ɗora shi. Mu a nan Faransa ba ta koyar da Hausa a lakwal ba, sai bayan ƴancin kai aka shiga maganar. An yi taron UNESCO a Bamako a 1966, bayansa aka yi shekaru a Nijar ana ninka wasali in dogo ne, musamman a littattafan yaƙi da jahilci. A 1980 aka zauna a Yamai don a daidaita rubutun ƙasashen biyu. A watan Oktoba na 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, da ƴ a cikinta. Saboda haka mai rubuta ƴ ba ƙirƙira ya yi ba, mai rubuta 'y ma doka yake bi.

Abin da ke ba ni dariya shi ne, sautin da muke faɗa a kansa mu nan ba kullum muke furta shi ba. Tsohuwarmu ba ta cewa ƴaƴa, ɗiya take cewa. Masana tarihin harshen kuma sun nuna cewa ƴa daga ɗiya ta samo asali, wato abin da Kano ta taƙaita mu muka riƙe shi da tsawonsa.

Ni dalilina na son ƴ na aiki ne. Alamar da ake sa wa y a gaba kala-kala ce a waya da kwamfuta, akwai miƙaƙƙiya, akwai lanƙwasasshiya, ido na ganin su ɗaya, na'ura na iya ɗaukar su abu dabam-dabam. Harafi guda ba ya kawo wannan ruɗani. Abokan gardamata kuma suna cewa miliyoyin da suka yi firamare a Najeriya da 'y suka saba, wasu wayoyin ma sai su nuna ɗan akwati a gurbin ƴ. Mun tsaya a kan abin da ake iyawa: muƙala ɗaya kada ta cakuɗa biyun.

Can cikin wannan jayayyar ne wata edita ta ce mana, ku da kuke faɗa a kan ƙugiya ɗaya, kun ga shafukan da aka zubar da ƙugiyoyin gaba ɗaya? Gaskiyarta. A rubuta cewa sarki ya kare garinsa ko ya ƙare garinsa, ƙugiya ce kawai tsakanin yabo da zargi. Haka kasa da ƙasa, bata da ɓata, kafa da ƙafa. A nan kam ɗan Maraɗi da ɗan Kano ba su da saɓani.

Likita da asibiti

Ta uku ita ce ta kalmomin aro, ita ta fi yawan tasowa. Na taɓa rubuta cewa an kai wani mutum likita ya kwana biyu. Mai gyara ya zo, da kyakkyawar niyya, ya mayar da shi “wurin likita”. A wurinsa likita mutum ne, jimlata ta rasa kalma. A wurinmu in an ce an tafi likita, gini ake nufi, abin da su ke kira asibiti. Gyaransa ya sauya ma'ana ba tare da ya sani ba.

Ta kuɗi ta fi wannan haɗari. Mu dala sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jikka sefa 1000. Ɗan Najeriya in ya karanta dala ashirin, kuɗin Amurka zai lissafa. Jaka kuma a wurin iyayensa naira 200 ce. Ka ga jimla guda a kan farashin tiya a kasuwar Maraɗi na iya sa mai karatu a Kaduna ya ɗauka gwal muke ci. A irin wannan wuri ba na jayayya, lambobi nake sawa in ce sefa.

Inda nake tsayawa shi ne in an ce kalmarmu “ba Hausa ba ce”. Wata ɗaliba daga Katsina ta faɗa mini haka a kan gudro da kuran da bik. Na ce mata, ƴar'uwa, kwalta fa? Lantarki fa? Biro fa? Asibiti da mota da firamare, daga wane ƙauyen Hausa suka fito? Duka aro ne. Ku daga Ingilishi kuka aro, mu daga Faransanci, kowa daga wanda ya mulke shi. Aron da ya daɗe a littafi sai ya yi kama da gado, wanda ya tsaya a baki kuma a ce masa gurɓata. A kimiyyar harshe ba a auna kalma da inda ta fito. Ana duba ko masu harshen sun karɓe ta, sun lanƙwasa ta da sautinsu, suna aiki da ita. Ƙamusun Bargery na 1934 ma bai zubar da kalmomin Katsina da Gobir da Sakkwato ba, alama ya sa musu ya shigar. Abdu Mijinguini kuma ya yi mana ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci a nan gida.

Wannan ba ya nufin in cusa lakwal a duk inda na samu. Makaranta kalma ce da kowa ya sani daga Agadas har Kumasi, ita ta dace da kundin da kowa zai karanta. Wikipedia ta Ingilishi ta sha irin wannan fama tsakanin Turancin Ingila da na Amurka, ta fitar da tsarin da nake ganin zai yi mana amfani. In akwai kalmar da kowa ya yarda da ita, a ɗauke ta. In batun na wata ƙasa ne, a bi yadda mutanen ƙasar ke faɗa. In ba na kowa ba ne, a bar shi yadda wanda ya fara ginin muƙalar ya sa, kada wani ya zo ya juye shi don son ransa. A namu zan ƙara abu guda: inda kalma ke da ma'ana biyu a gefen iyaka biyu, a faɗi duka a karon farko, kamar a ce “asibiti, wanda a Nijar ake kira likita”. Kalma shida ce, ta ƙara wa kowa sani.

Gudu, hijira ko tashi

Duk waɗannan masu sauƙi ne in aka gwada su da ta tarihi. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804. Wajen 1807 Katsina ta faɗa hannun masu jihadi, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Alƙalawa, birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Gidan sarautar Katsina na da ya yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka rasu, bayansa ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri. Har yau mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, na Tsibiri kuma Sarkin Gobir. A kan waɗannan ba mu saɓa da kowa ba. A kan aikatau muka saɓa.

Jimlar da na tarar tana cewa sarakunan Haɓe “sun gudu” zuwa Maraɗi, daga nan suka ci gaba da “tawaye” da “kai hare-hare”. Wanda ya rubuta ba zagi ya yi niyya ba, fassara ya yi daga littafin da ke gabansa. Amma na karanta wa kakata jimlar, ta ajiye carbinta ta ce: “Wa ya ce maka gudu munka yi? Tashi munka yi, kuma da niyyar komawa.” Ita da aka haifa fiye da shekara ɗari bayan abin, munka take cewa.

Wani ɗan uwanmu daga wannan gefen ya sa “sun yi hijira”. Nan take wani edita daga Sakkwato ya ƙi, ya ce hijira a tarihin nan sunan tafiyar Shehu ce daga Degel zuwa Gudu a 1804, kalma ce mai nauyin addini, ba a raba ta ga ɓangarorin biyu. Ni ma na ga hujjarsa. Gudu na ɗauke da tsoro da kunya, hijira na ɗauke da tsarki. Kowacce ka zaɓa ka riga ka yanke hukunci kafin mai karatu ya ji shari'ar. Haka tawaye: ba ya yiwuwa sai ga wanda ya taɓa miƙa wuya, Maraɗi da Tsibiri kuwa shekaru suka yi suna zaman kansu a wajen daular. Wanda ake kira ɗan hari a wancan gefen, irin su Ƙaura Hasau, a nan gwarzo ne da makaɗa ke wasawa. Kalmar Haɓe ma kanta daga Fulatanci take, sunan da wasu suka sa wa wasu ne.

Ƙa'idar kundin ta ce kada a ɗauki ɓangare. Abin da muka yi da ita shi ne muka nemi aikatau da ba ya yabo ba ya zagi: “suka bar Katsina, suka kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi, yaƙi ya ci gaba tsakaninsu da daular”. Inda kalma mai zafi ta zama dole, sai a faɗi mai ita: marubutan Sakkwato sun kira su kaza, a Maraɗi ana ce musu kaza. Ba wanda ya fita yana murna, ba kuma wanda ya sake taɓa jimlar a gabana. Ba mu muka fara irin wannan ba. A Wikipedia ta Ingilishi, gardamar birnin da mutanen Poland ke kira Gdańsk, Jamusawa ke kira Danzig, sai da ta kai ga ƙuri'a a 2005, aka raba sunan da zamani: Danzig daga 1308 zuwa 1945, Gdańsk kafin nan da bayan nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne batun madogara. Maganar kakata ba ta shiga kundin, don ba a buga ta ba. Amma jerin sarakuna da labaran da Landeroin, tafintan tawagar Tilho, ya ɗauka daga bakin tsofaffin ƙasar nan a farkon ƙarni na 20 suna shiga, don an buga su a Faris. Baki ɗaya ne tushensu, takarda ce ta raba. Na san dalilin ƙa'idar, in aka buɗe ƙofar “an gaya mini”, kowa sai ya naɗa kakansa sarauta. Sai dai sakamakon shi ne, ɓangaren da ya fi rubutu shi ke da murya. Muhammadu Bello ya bar Infaƙul Maisuri. Namu ɓangaren yawancinsa yana bakin maroƙa da tsofaffi, da kaset-kaset ɗin da IRSH da CELHTO suka tara a Yamai, da ɗan abin da irin su M. G. Smith da Yusufu Bala Usman suka rubuta. Wanda ke neman batun kundin kammala digiri, ga shi nan zube.

A raba gida?

Na kai labarin nan fadarmu wani dare ana shayi. Wani abokina ya ce, yo mi ya hana ku buɗe taku ta Nijar ku huta? Ba maganar wofi ba ce, ƙasar Norway na da Wikipedia biyu don rubutunsu iri biyu ne. Amma ban yarda ba. Na farko, mu nawa ne? Waɗanda na sani suna rubutu daga wannan gefen ba su cika tabarma guda ba. Na biyu, kare-karen Hausa ba su bi iyakar da Faransa da Ingila suka shata ba. Basakkwace na cewa munka da sunka kamar Bagobirin Tsibiri. Bakatsine na cewa gidanshi kamar ni. In aka yi maganar hwari da tahiya, ba mu kaɗai ba ne. Editan Sakkwaton nan da muka ja a kan hijira, a gardamar karin harshe bayana yake, don shi ma ana goge masa nasa. Daga unguwarmu zuwa Katsina ko kilomita ɗari ba a yi ba. In muka raba kundin, mu da hannunmu muka ƙara wa iyakar tsawo.

Daidaitacciyar Hausa alheri ce, ita ta sa ɗan Damagaram ke karanta littafin da aka buga a Kano. Abin da nake nema shi ne a buɗe ta ta ɗauki abin da ke wannan gefen, sunayen garuruwanmu da kalmominmu da yadda muke tuna tarihinmu.

Abin da ya rage gare mu

Wani zai ce duk wannan wahala a kan shafin da ba kowa ke karantawa ba. Ku gwada buga sunan garinku a waya ku ga abin da ke fara fitowa. Ƙanenka da aka ba aikin gida can zai kwafo. Na'urorin fassara ma daga irin rubutun da ke intanet suke koyon harshe, abin da suka koya kuma shi za su dawo mana da shi. A 2020 masu harshen Scots suka farga cewa wani matashi Ba'amurke da ba ya jin harshen shi ya rubuta dubban muƙalun Wikipediarsu, shekara da shekaru, da kyakkyawar niyya. Abin ya yiwu ne don masu harshen ba sa wurin.

Mu ma yawancinmu ba ma wurin. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Mun yi murna. Amma a cikinmu nan, mu da muka ci bak muka shiga jami'a, mutum nawa ne zai iya cika shafi guda da Hausa ba tare da ya sa ou a gurbin u ba? Editan Kano da ya rubuta Tibiri bai ƙwace mana komi ba. Wuri ya iske ba kowa, ya cika shi da abin da ya samu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana cikin ɗakin.

Don haka ga roƙona ga duk wanda ɗan littafin nan ya shiga hannunsa. Sa allon rubutun Hausa a wayarka, mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kyauta ne. Buɗe asusu. Nemi unguwarku ko ƙauyenku, ko sana'ar gidanku, ko noman rani na Jiratawa, ko ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta tashi tsohon garin Maraɗi ta hawo da shi tudu. In babu muƙala, fara ta ko da layi biyar ne, ka faɗi littafin da ka dogara da shi. In akwai, karanta ka ga abin da aka ce a kanku. Za a gyara maka, wani lokaci a inda kake da gaskiya. Kada ka shiga mayar-in-mayar, ba ta kai kowa ko'ina. Je shafin tattaunawa, yi sallama, kira mutum Malam ko Malama, ajiye hujjarka da lambar shafi, ka jira amsa. Ƴan mata musamman, muryarku ta yi ƙaranci a can.

Duk mai son a nuna masa yadda ake farawa, ya same ni bayan zaman ƙungiya na gaba, ya zo da wayarsa da caji.